Ranar da Maiwada Ya Liƙa wa Maroƙi Sarkin Rum

Ran sunan jikansa na fari Maiwada ya faɗa cikin kunu. Ba zubar da shi ya yi ba, a'a, faɗawa ya yi ciki, da babbar riga, da hula, da sababbin takalman da ya sayo a Magarya don wannan rana, a gaban surukansa da liman da duk wanda ya yi sammakon zuwa cin goro a Waca.

Ga yadda abin ya faru. An shafa fatiha, an raɗa wa yaro suna Abdulrazak, ana cikin rabon goro da dabino a ƙofar gida, sai Ilyasu maroƙi ya miƙe ya gyara murya. Ilyasun nan sa'an Maiwada ne, rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya, kuma ya san daidai inda zai taɓa mutum hannu ya tafi aljihu ba da shawarar mai shi ba. Ya ɗauko daga kakan kakan Maiwada, ya gangaro da zuriyar ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan mai gayya.

"Maiwada na Daso! Mai geron da ba a auna wa baƙo! Kai ka taka yashin Agadas da ƙafarka, ka ga ruwan da ba shi da gaɓa, ka dawo gida da haƙoranka cif! Yau ga jika, gobe ga tattaɓa-kunne!"

Maganar haƙora dai ƙarya ce, kowa ya san biyu sun zauna a Libiya. Amma kan Maiwada ya riga ya kumbura. Ya zura hannu aljihu, ya damƙo silalla, ya matsa ya fara manna su a goshin Ilyasu da ke naso da gumi. Ya manna ta farko. Ya manna ta biyu. Ya manna ta uku, ya ɗauke yatsa, sai ya ga gemu.

To kuɗinmu na sefa ba shi da gemu. Nan take Maiwada ya gane abin da ya liƙa. Ya kai hannu zai ɓamɓaro, daidai lokacin Ilyasu ya durƙusa godiya. Hannu ya kama iska, ƙafa ta harɗe da gefen riga, sai ga Maiwada tsamo-tsamo cikin bahon kunun da mata suka fito da shi yanzun nan. Allah ya taimaka kunun ya huce. Ilyasu kuwa ya share goshi da tafin hannu, ya zuba komai aljihu, ya ɗaga murya har bayan gari.

"Jama'a ku shaida! Na ga masu kyauta iri-iri, ban taɓa ganin wanda kyauta ta kayar ƙasa ba sai yau!"

Aka yi ta dariya har liman na share hawaye da gefen rawani. Maiwada ma ya yaƙe baki, kunu na ɗiga daga haɓarsa. Ba wanda ya san abin da ya tafi cikin aljihun Ilyasu.

Wanda bai san Maiwada ba sai a gaya masa. Manomi ne, ɗan manomi, gero da gyaɗa da wake, ga ɗan lambu a bakin tafki. Ba dogo ba ne, sai dai yana tafiya kamar dogo. Yana da kusan talatin ya bi ayarin masu zuwa ci-rani Libiya, ya bar matarsa Daso da goyo. Ya yi shekara huɗu a can, a gonar zaitun ta wani tsohon Balarabe, kusa da wani kangon birni a bakin teku, inda ginshiƙan dutse ke tsattsaye ba rufi. In an yi ruwa aka sa garma, ƙasar gonar kan tofo wasu 'yan ƙananan kuɗi, baƙaƙe, masu fuskokin mutane. Tsohon yana tara su cikin tulu. Ganin Maiwada na yawan jujjuya su, sai ya riƙa zaunar da shi yana yi masa bayani da Larabcin da Maiwada ke tsinta rabi ya zubar da rabi.

Abin da ya tsinta shi ne wannan. Sarakunan Rum na can da, in sun ci yaƙi, ba su da rediyo, ba su da salula. Sai su sa a buga sabon kuɗi, a gaba fuskar sarki, a baya labarin yaƙin. Mai sayar da albasa a ƙarshen duniya in an miƙa masa, ya juya, ya san sarki ya yi nasara. Abin ya shiga ran Maiwada ya zauna daram. Har yau in ya samu mai saurare yakan ce, "Kuɗin nan maroƙa ne. Sarki ya mutu, garinsa ya rushe, su suna nan suna yi masa kirari, ko goro ba sa nema."

Da abokan tafiyarsa suka tashi dawowa, wani ya ɗauko rediyo mai kaset biyu, wani katifa, wani keken ɗinki. Maiwada ya dawo da abin da ya sayi shanun huɗa, wannan ba a hana shi ba, amma abin da ya fara kwancewa a gaban Daso wani ƙullin ƙyalle ne mai kuɗi huɗu da tsohon ya ba shi na sallama. Daso ta duba, ta juya, ta shinshina.

"Malam, nawa ne wannan a kuɗinmu?"

"Ba ya kashuwa."

"Shekara huɗu, ka ƙetare hamada, ka kawo mini kuɗin da ba ya kashuwa?"

"Ke duba bayansa dai."

"Na duba. Can ma ba ya kashuwa."

Tun daga ranar sunan Sarkin Rum ya bi shi, kuma mu maƙwabta ba mu bar sunan ya huta ba.

Shi kuwa ko a jikinsa. Duk wanda ya dawo daga Libiya ko Aljeriya, kafin ya gama shan ruwan sannu da zuwa, Maiwada ya iso yana tambaya ko an ga irin kuɗin nan. An kawo masa maɓallin rigar soja. An kawo masa murfin kwalba da mota ta take. Wani mara tsoron Allah ya kawo masa dinarin Aljeriya da ya binne cikin kashin awaki ya yi baƙi. A hankali dai, cikin shekara talatin, gwangwanin madararsa ya tara goma sha ɗaya na gaskiya, kowanne cikin ƙyallensa, gwangwanin cikin adaka, makullin adakar a wuyansa. Kuma ba kowanne yake karɓa ba. In ya juya ya ga mace zaune da damin hatsi, sai ya mayar wa mai shi, wai wannan sarkin zaman gida ya yi. Na yaƙi yake so: mace mai fukafukai tana miƙa zoben ganye, ko kamammu biyu zaune hannu ɗaure a baya ƙarƙashin itacen da aka rataya wa sulke, ko sarki a keken dawaki huɗu. Mutumin da ko kaza Daso ke kai wa maƙwabta su yanka.

Sai kuma ya ƙirƙiro wata al'ada tasa shi kaɗai. Tunda sarakunan sun mutu ba su da sauran amfani da nasarorinsu, sai ya riƙa raba kuɗin ga nasa nasarorin. Ɗaya na shekarar fara ne, da ya kwana uku yana hayaƙi a gona ya tsirar da wakensa. Ɗaya na rijiyar lambu da ya haƙa har gaba goma sha ɗaya mutane na ce masa ba ruwa. Ɗaya na ranar da ya daina taba, wannan sau biyu ana sauke shi daga muƙami ana mayarwa.

Guda ɗaya ne bai taɓa ba kowace nasara ba. Shi kaɗai ne na azurfa, cikin huɗun farko yake, girmansa bai kai silen dala goma na kuɗinmu ba. A gaba sarki ne mai murɗaɗɗen gemu, a baya mace mai fukafukai tana tafe da sauri kamar an aike ta. Wani mushe na lakwal, wato malamin makarantar boko, ya taɓa karanta masa sunan sarkin, suna ne da sai ka cire hula kafin ya fita bakinka, don haka kowa ya tsaya a Mai Gemu. Mushen ya ce a garin nan na bakin teku aka haifi sarkin. Maiwada ya ce, "Ashe ɗan gida ne." Mai Gemu yana ajiye, yana jiran babban yaƙi.

Yaƙin kuwa na Hinda ne, goyon nan da ya bari a bayan Daso. Ɗiyar fari ce, saboda haka tun da aka haife ta Maiwada bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ita ba. In zai yi maganarta sai ya ce "waccan". Hinda ta yi aure ta shekara tara ba haihuwa. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta yi ta zirga-zirga likita a Damagaram har direbobin taksi suka san ta. Duk shekarun nan uban bai tambaya ko sau ɗaya ba, kunya ba ta bari. Sai dai duk kaka ya ware buhun gyaɗa mafi kyau ya ce wa Daso, "A kai wa waccan." Ranar da ta sauka lafiya a ɗakin uwarta, yana lambu aka je aka gaya masa. Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da ban ruwa, sai dai masu wucewa sun ce fangalin albasa guda ya yi ta zuba wa ruwa har ya zama tafki.

Abin da baki ba zai iya faɗa ba, ya yi niyya Mai Gemu ya faɗa. Zai ƙulle shi a ƙyalle ya ba Daso ta miƙa ran suna. Don ya fito fes, ya sa lemun tsami da toka ya dirje shi har ya yi ƙyalli kamar sabuwar dala goma. Da safen sunan ya kwance ƙullin don ya ƙara kallo sau ɗaya, sai ga sallamar liman, ya jefa shi aljihu tsirara cikin silallan liƙi. Sauran kun ji.

Da jama'a suka watse ya shiga gida yana tafiya kamar wanda aka zare wa laka.

"Malam, cire rigar nan in jiƙa, kafin ƙudajen Waca su naɗa ka sarkinsu," in ji Daso.

"Daso, Mai Gemu ya tafi."

"Ina ya tafi? Shekara nawa yana zaune a gwangwani, yau ya ga damar yawo?"

Ya gaya mata. Ya gaya mata har da wadda aka yi niyyar ba, yana kallon bango. Daso ta ajiye bahon wanki. Dariyar da ta fara tahowa ta koma.

"To ka ji ni da kyau," ta ce. "Abin da ya hau goshin maroƙi ya hau ke nan. Ka tuna mai shanun nan na wajen Dungas da ya ba maroƙi riga, washegari ya aika a karɓo? Ya shekara ashirin a kabari, har yanzu da sunansa mata ke daka. Kana so Abdulrazak ya tashi a ce masa jikan mai karɓe kyauta?"

"Ni ban ce zan karɓe ba."

"Fuskarka ta ce."

Washegari da hantsi ya tafi gidan Ilyasu, wai ban gajiya. Ya same shi a inuwar itacen bedi yana cin ragowar naman suna. Suka gaisa, suka ƙara gaisawa, Maiwada ya tambayi iyali, ya tambayi awaki, ya koma ya sake tambayar iyali.

"Ranka ya daɗe Sarkin Rum," in ji Ilyasu yana suɗe yatsa, "jiya ka ba ni wani abin mamaki. Na kai wa mai shayi, ya jefo mini, wai kuɗin aljanu ne."

Zuciyar Maiwada ta yi tsalle. Ya daure ya yi hamma.

"Af, kuskure ne. Kawo in musanya maka da wadda ke kashuwa, kada a ce na cuce ka."

Ilyasu ya daina tauna. Ya karkato kai, ya kafe shi da ido ɗaya.

"Musanya kake so, ko kyautarka ka zo karɓa? Faɗa da ƙarfi, kunnen nan na hagu ya tsufa. Tun jiya akwai wani amshi mai daɗi da ke yi mini yawo a ka, na mutumin da ya yi wanka da kunu, na rasa baitin da zan ɗora masa."

"Wa ya ce karɓa? Ni gaisuwa ta kawo ni."

"Yawwa, na san gidanku. Ai kuwa kyautar ta yi albarka. Na nuna wa Buzun nan maƙerin fari, ya goga a dutse, ya ce azurfa ce tsantsa. Jibi ranar kasuwar Dungas zai narka mini ita ya yi zobe. Duk inda na ɗaga hannu ina kirari, a ga kyautar Maiwada."

Narka. Maiwada ya ji kalmar har cikin haƙoran nan biyu da ba ya da su. Da zai iya cewa na Hinda ne, da Ilyasu ya miƙo nan take, don ba mugu ba ne, tsokana ce ta yi masa yawa. Amma yaya uba zai zauna a inuwar bedi ya buɗe baki ya yi zancen ɗiyar fari? Ya tashi ya yi sallama, har da cewa Allah ya sa zoben ya yi daidai yatsa.

Ranar bai je lambu ba. Ya shige zaure ya baje goman da suka rage a tabarma, yana juya su ɗaya ɗaya, maroƙansa da ba sa neman goro. Can wajen la'asar ya ɗaga kai ya ƙwala wa Daso kira.

"Ke, tun da kike, kin taɓa jin an yi wa Ilyasu kirari?"

"Wa zai yi masa? Shi ke yi wa mutane."

"In wani ya yi masa fa? A tsakiyar kasuwa?"

"Sai ya yi kyauta mana, in ba haka ba ya sha kunyar da bai taɓa..." Ta tsaya. Ta dafe ƙirji. "Malam, kada ka soma. A zuriyarku kaf ba maroƙi."

"A zuriyarmu kaf ba wanda ya taɓa faɗawa kunu. An riga an buɗe hanya."

Ran kasuwa ya sa rigar nan da aka wanke, ya shiga taksin Dungas, aka matse shi tsakanin buhun barkono da wani bunsuru da ya yi ta kallonsa kamar ya san abin da zai je yi. Rana ta ɗaga sosai kafin su isa. Ya ratsa 'yan goro, ya ratsa 'yan tukwane, ya hango rumfar maƙerin. Ga Ilyasu tsugune, ga wuta ta yi ja, ga Mai Gemu kwance a tafin hannun Buzu, ana jiran ɗan kaskon narki ya yi zafi.

Maiwada ya tsaya a tsakiyar hanya. Ya toshe kunne ɗaya da yatsa yadda ya ga ana yi, ya buɗe baki.

"Ilyasu ɗan Barakatu! Maƙogwaron Waca!"

Muryar, Allah ya gafarta mana, kamar an ja tsohuwar ƙofar langa-langa. Wata Bafillatana mai nono ta kusa sakin ƙwaryarta. Ilyasu ya waiwayo, baki buɗe.

"Ilyasu da ya san kakan kowa, ba wanda ya taɓa tambayar nasa! To ni na sani! Jikan mai kalangun da ya raka mahauta har Magarya! Ilyasu mai ƙafar kai labari, in an yi mutuwa kai ke zaga ƙauye bakwai a ƙasa, ba ka taɓa karɓar ko ɓarin goro ba!"

Mutane suka fara taruwa. Masu dariya suna dariya, don ga dattijo da babbar riga yana roƙon maroƙi, duniya ta kifa. Maiwada ya rufe ido ya ci gaba, gumi na bin wuyansa.

"Shekarar fara, da ba mai abin ba ka, wa ya bi gida gida yana yi wa mutane kirari kyauta don kada su manta su waye? Ilyasu! Wa ya shiga tsakanin manoma da masu shanu a bakin tafki, ya yi ta wasa kakannin kowa har sanduna suka sauka? Ilyasu!"

Dariyar ta fara raguwa, don duk wanda ya fito daga wajen Waca ya san ba ƙarya a ciki. Ilyasu ya miƙe tsaye a hankali. Shekara arba'in yana zuba wa mutane, ba wanda ya taɓa ɗiga masa. Ya ɗaga hannu kamar zai ce ya isa, hannun ya tsaya a sama.

Maiwada ya ci gaba. Muryar ta sauka, ta ƙara lalacewa.

"Kai ka yi waƙa ranar da aka kai wata yarinya ɗakinta. Shekara tara bakin mutane bai huta a kanta ba, kai mai bakin gari ba ka taɓa jefa mata habaici ko sau ɗaya ba. Ran da ta ci yaƙinta, kai ka fara isowa ƙofar gida. Wanda ya tanadar mata tukuicin yaƙin shekara da shekaru, bakinsa ba ya iya faɗa, hannunsa kuma ya yi kuskure. Ilyasu ɗan Barakatu, na gaishe ka!"

Ya sauke yatsa daga kunne yana haki. Kasuwa ta ɗauka.

"A liƙa masa! Ilyasu, a liƙa wa maroƙinka! Yau mu ga hannunka!"

Ilyasu ya zura hannu aljihu ya fito da dala goma. Ya dube ta. Ya dubi Maiwada da ya kasa haɗa ido da shi. Ya mayar da ita aljihu. Ya juya ya ɗauke Mai Gemu daga tafin Buzu, ya tako har gaban sa'ansa, ya manna masa a goshi, ya danna da babban yatsa kamar mai sa hannu a takardar zaɓe.

"Shashasha," ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa ya kaɗa. "Da ka ce mini na 'yata ne."

"Ka taɓa jin na ce?"

Maiwada bai yarda ya cire shi daga goshi ba sai da ya tabbatar tafin hannunsa na ƙasa yana tare.

Da ya iso gida ya ƙulle shi a sabon ƙyalle ya miƙa wa Daso. Ta noƙe kafaɗa.

"Mutumin da ya yi roƙo a kasuwar Dungas, ƙofar ɗaki ce za ta gagare shi? Kai da kanka."

Ya je ya tsaya bakin ƙofar, ya ba ta baya, yana kallon rumbu. Hinda na ciki da jariri a cinya. Ya yi gyaran murya sau uku, ya miƙa ƙullin ta baya ba tare da ya waiwaya ba, ya yi wa jaririn magana.

"Kai, mijin Daso, ɗan ƙwace. Ga wani sarki na kawo maka ya yi maka gadi. Ka gaya wa mai ɗauke da kai ta juya bayansa ta gani. Ka ce mata yaƙin nan ita ta ci shi."

Ya ji an karɓi ƙullin, ya ji ana kwancewa.

"Ya ji, Baba," in ji Hinda. "Ya ce a gaya maka an gode."

Maiwada ya wuce lambu da sauri, albasa ta sake shan ruwan da ya fi ƙarfinta.

Labari kuwa ya riga taksi isowa Waca. Kwana biyu ba a yi zancen komai a majalisa ba sai wannan. Ran na uku Maiwada na zaune ƙofar gida cikin mutane, sai ga Ilyasu da jakarsa a kafaɗa, ya dawo daidai yadda yake, tsokana har a tafiya.

"Ina sabon maroƙi? Tashi mu tafi, akwai suna a bayan tafki. Ka riƙe mini jaka, in koya maka sana'a, ko Allah zai sa muryar nan ta daina korar awaki."

Majalisa ta kwashe da dariya. Maiwada ya bari suka gama. Ya gyara hula, ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki.

"Ka koya wa wa? Shekara arba'in kana tsage maƙogwaro, me ka tara ban da goro da tsofaffin riguna? Ni sau ɗaya na buɗe baki, na dawo gida da sarki sukutum, kuma daga hannun maroƙi na karɓo shi. Je ka sunanka, Ilyasu. In sana'ar ta gagare ka, ka zo in duba ko ina ɗaukar almajirai masu furfura."